Sunan da Ke Ƙarshen Layi

Tun da Allah Maɗaukakin Sarki ya karɓi ran yayanta, Auta ba ta da inda take ganin sunansa kullum sai a allon kwamfutarta. Kamfanin da take yi wa aiki ƙarami ne, ɗaki ɗaya mai tebura a jere, da wani lungu da aka kange da gilashi domin shugaba. Abin da suke ƙerawa manhaja ce ta shagunan sayar da magani, kuma marigayin ne ya rubuta mafi yawanta. Edita, wato manhajar da suke rubutu a ciki, yana da wata ɗabi'a: duk layin da mutum ya tsaya a kai, sai ya nuna a ƙarshensa, da rubutu dishi-dishi, sunan wanda ya taɓa layin a ƙarshe da ɗan bayanin da ya bari. Saboda haka Auta takan wuni tana cin karo da yayanta, ta roƙa masa rahama a zuci, ta ci gaba da aiki. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Wanda ya gaji kujerar shugabancin marigayin shi ne Dogo, abokinsa tun suna makaranta, mutumin da ya ci abinci a gidansu har mahaifiyarsu ta san yawan gishirin da yake so. Abota ce irin wadda ƙyashi ke kwance a ƙarƙashinta shekara da shekaru, kowa yana gani, ba mai faɗa.

Abin da Dogo ya fara yi shi ne ya aiko wa kowa saiti guda na edita. Kuma domin a yi masa adalci, wanda Allah ya wajabta ko ga wanda ba a so, saitin na hankali ne. Da can kowa yana rubutu yadda ransa ya ba shi, har idan mutum biyu suka taɓa fayil ɗaya sai a rasa gane gyara daga kwaskwarima. Yanzu tazarar farkon layi ta zama iri ɗaya, layi ba ya wuce faɗin allo, sararin banza na ƙarshen layi yana sharewa. A can ƙasa kuma akwai umarnin cewa duk lokacin da aka adana fayil, edita ya daidaita tsarinsa gaba ɗaya da kansa. Auta ta ɗora saitin kamar kowa, ba ta karanta har ƙasa ba.

Wata rana da hantsi wani mai shago ya yi ƙorafin cewa gargaɗin lalacewar magani yana makara. Auta ta buɗe fayil ɗin da ke lissafin kwanan wata, wanda yayanta ya rubuta daga farko har ƙarshe, ta canza alama guda, ta adana, ta tura zuwa rumbun da dukkansu ke zuba aiki a ciki, ta tafi sallar azahar. Da ta dawo ta sake buɗewa, sai ta ga sunanta a layin farko. Ta gangara, sunanta. Ta gangara har ƙasa, ba inda na yayanta ya rage. Edita ya matsar da kowane layi kaɗan, rumbu kuwa ba ruwansa da niyya, wanda ya matsar da layi shi ne mai layi.

Ta shiga lungun gilashin ba ta tsaya sallama ba, abin da ba halinta ba ne. Ta tambaye shi ko ya san abin da umarnin ƙasan nan yake yi wa sunaye. Dogo bai ɗaga kai ba ya ce ya sani, ai shi ya rubuta.

"To me ya hana ka faɗa mini, Yallaɓai?"

Da ta saba kiransa Yaya. Ya ji canjin, ya aje linzamin kwamfutarsa.

"Me ya hana ki karantawa? Ni ban taɓa fayil ɗin ba, Auta. Hannunki ne ya goge sunansa. Sannan nan wurin aiki ne, ba makabarta ba."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Shi kuwa da bakinsa ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Ya ce marigayin, Allah ya gafarta masa, yana rubutu ne kamar mai zuba hatsi a ƙasa, kuma shi Dogo ne yake bin bayansa da tsintsiya, ana yabon mai zubawa ana mance mai shara. Ta ce masa ai da ya faɗi haka yana da rai, da ya sami amsa. Ya ce ya faɗa, dariya aka yi masa.

Ta roƙi a cire abin da ta tura daga tarihin rumbu. Ya ce wasu sun riga sun ɗora aikinsu a kai, ba zai rushe ginin mutane ba saboda kewa. Ta ce akwai layi guda da za a ƙara a saitin, edita ya tsallake wannan gyaran idan yana neman suna, kuma shi Dogo ya san da shi. Ya ce ya sani, ba zai ƙara ba. Kafin ta kai ƙofa ya ce mata sauran fayilolin ma suna jiran gyara, kuma rumbu ba zai sake karɓar aikin da bai bi saiti ba, ko da ta kashe umarnin a tata kwamfutar.

Ta koma ta zauna. Abokan aiki kowa ya dulmuya a allonsa kamar bai ji komai ta gilashin ba. Ta daɗe tana kallon jerin fayilolin da har yanzu suke ɗauke da sunan yayanta. Ta fahimci cewa ba za su tsira ba. Gobe wani zai buɗe ɗaya domin waƙafi, jibi Dogo da kansa zai buɗe wani, sunan ya riƙa zubewa kaɗan kaɗan a hannun mutanen da ba su ma lura ba. Ta yi istigfari kan fushin da ke cinta, fushin bai tafi ba, amma ya bar mata wurin tunani.

Sai ta yi bisimilla, ta buɗe su duka, ta bar edita ya daidaita su a tashi ɗaya. A gurbin bayanin da ake bari tare da kowane gyara, wanda zai fito a ƙarshen kowane layi ga duk wanda ya tsaya a kai, ta rubuta cikakken sunan yayanta, ta ce aikinsa ne, ita tazara kawai ta matsar. Gyara mai girma haka ba ya shiga rumbu sai shugaba ya amince, don haka ta tura masa.

Bai jima ba ya fito da kansa ya tsaya a kanta. Ya ce bayanin gyara ba wurin ta'aziyya ba ne, ta cire sunan ta sake turowa.

"Na bi saitinka layi da layi," in ji ta, ba ta juyo ba. "In akwai abin cirewa, kana da iko. Cire shi da hannunka, rumbu ya rubuta cewa kai ne."

Dogo ya tsaya yana kallon allon nata. Sannan ya koma lungunsa ya ja ƙofa da ƙarfi har gilashin ya girgiza. Can sai saƙo ya shigo cewa an amince da gyaran yadda yake, ba a taɓa ko harafi ba. Wani saƙon ya biyo baya: daga gobe an ɗauke ta daga wannan manhajar, an mayar da ita sashen amsa ƙorafin masu shaguna. Ta karanta duka biyun, ta yi hamdala, ta fara kwashe kayan teburinta.