Ƙas Ɗaya, Ƙas Biyu

Ko zaren da aka ɗaure ƙunshin da shi ba a kwance ba. Ɗan kwali ne da bai fi gidan ashana ba. Jirgin wasiƙu ya kawo shi da hantsi daga birnin St. John's, Ambrose Pardy mai gyaran rediyo ya ajiye shi kusa da butar shayi. A ciki akwai 'yar ƙwayar da ke ɗaukar murya a makirufo. Ta rediyon jirgin kamun kifin Cyril Keough ce ta mutu, gishirin teku ya cinye ta.

"Ka jira sabuwa ta iso," Ambrose ya ce masa shekaranjiya. "Rediyonka yana ji, amma ba ya magana. In ka danna maɓalli, ƙas kawai za mu ji."

"Haba Kawu! Ai matata Delphine ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta miji mai ji ba magana," in ji Cyril yana dariya. "Kifi kuma ba ya jiran gidan waya."

Yau da asuba ya fita teku shi kaɗai. Kafin rana ta take, hazo ya rufe teku ruf. Kowa ya dawo ban da shi.

Shagon Ambrose ya cika da masunta, ruwa na ɗiga daga rigunansu. Leander Hynes ya fita nema da jirginsa, yana sauraro ta nasa rediyon. Ambrose ya jawo makirufo.

"Cyril, in kana jina, danna ɗaya i, biyu a'a. Inji ya mutu?"

Ya saki maɓalli. Ƙas.

"Shegen yana nan!" wani ya ce.

"Ruwa na shiga?"

Ƙas. Wannan ya fi na farko rauni, Ambrose ya san batirin rediyon Cyril ne ke ƙarewa.

"Kana jin ƙararrawar Baƙin Dutse?"

Ƙas.

Saura tambaya guda. Dutsen yana tsakiyar teku, an sa masa ƙararrawar gargaɗin jirage, kuma yana da faɗi, zagaya shi cikin hazo aikin awanni ne. "Kana gabas da shi?"

Bai gama sakin maɓallin ba Delphine ta faɗo shagon, hannunta duk garin burodi. Ta fizge makirufon.

"Cyril! Cyril, ni ce. Ka yi min magana, don Allah. Ban ce maka kada ka fita ba? Ba ka jin magana, ba ka taɓa ji ba..."

Yatsanta ya yi fari a kan maɓallin. Kowa a garin ya san ka'idar tun yana yaro: hanya ɗaya ce, mai magana ba ya ji, kuma ya toshe kunnen kowa. Ita ma ta sani. Ambrose ya miƙa hannu, ya tsaya. Shi ya riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma. Yaya zai ɓamɓare yatsun nan?

"'Yata," ya ce a hankali. "Saki. Saki mu ji shi."

Ba ta ji ba. Ta gaya wa mijinta miya na kan wuta, ta gaya masa ta yafe faɗan jiya. Sai da muryarta ta ƙare yatsan ya saki da kansa.

Shuuu kawai rediyo ke yi.

"Uban wa ya riƙe layi?" muryar Leander ta fashe daga rediyo. "Me ya ce? Ɗaya ko biyu?"

Ambrose ya maimaita tambayar har maƙogwaronsa ya bushe. Babu ƙas. Leander ya zaɓi gabas, don can ruwa ya saba jan jirage.

Da la'asar sakaliya muryarsa ta dawo, ba zagi a cikinta. "Kawu, gabas babu komai. Na zagayo yamma. Ga akwatin kifi yana yawo, da sunansa a jiki."

Masunta suka cire huluna. Delphine ta dubi kwalin da ke gefen buta, ta ɗauka, ta karanta sunan mijinta da Ambrose ya rubuta da fensir a bayansa. Ta mayar da shi daidai inda yake. Garin burodi ya bar shaidar yatsunta a jiki. Ta ja ƙofa a hankali, ta fita cikin hazo.