Mai Busar Waƙa ta Uku

Terauchi Fumie tana shanya kaya a baranda ƙawarta Tomoe ta kira ta a waya, ko gaisuwa babu.

"Fumi-chan, an tono mu! Za a sake buga faifan."

"Wane faifai?"

"Guda nawa na taɓa yi? Ke dai tsufa ya gama da ke."

Faifai ɗaya tak Shiraishi Tomoe ta yi a rayuwarta, a 1982, waƙoƙi takwas na motoci da bakin teku da samarin da ba sa cika alkawari. Bai yi kasuwa ba, ta haƙura ta buɗe shagon furanni a unguwar Koenji. Sai ga shi bayan shekara arba'in yaran duniya sun tsinto shi a intanet sun haukace a kan waƙa ta uku, musamman busar saksofon ɗin da ke tsakiyarta.

Fumie ce ta yi busar. Sunanta kuwa babu a faifan, kuma ba wanda ya zalunce ta, ita ta roƙa a cire. Lokacin aikin banki take yi, bankin kuma ya hana ma'aikatansa taɓa wata sana'a a waje. Da manaja ya ga sunanta a bayan faifai, da ranar za ta kwashe kofin shayinta ta yi gaba. Yau ba bankin, ba manajan. Su kuma masanan intanet, waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin, sun zauna sun yanke hukunci cewa wani marigayi Nogami ne ya busa, har suna yi masa ta'aziyya. Abin ya tsaya wa Fumie a rai. Tana da shekara sittin da bakwai, kuma so take kafin ta mutu a rubuta a wani wuri cewa ita ce.

Ta sayi kwalin alawar wake mai tsada ta nufi kamfanin da zai sake buga faifan. Kuramochi, wanda aikin yake hannunsa, ya rusuna mata har gilashinsa ya zame, ya ce tun yana ɗalibi busar nan take sa shi hawaye. Da ta faɗi buƙatarta sai ya karkata kai ya ja iska ta haƙora.

"Terauchi-san, abin da ɗan wuya."

Shekara talatin Fumie ta yi tana gaya wa mutane wannan maganar a banki. Ta san a'a ce ta sha kwalliya.

"Layi ɗaya ne fa, Kuramochi-san. Ƙasan sunan mai ganga akwai fili."

"Mu ƙa'idarmu, yadda ya fito da farko haka zai koma, ko ɗigo ba ma ƙarawa. Sati uku muka yi muna neman ruwan hodar ɗamarar takardar da ke jikin kwalin. Masu sayenmu ajiye tsoho da sabo suke yi gefe da gefe, su ɗauko madubin ƙara girma. In suka ga layin da babu a da, wasiƙu za su rufe mu."

"Wato kuskuren ma sai kun maimaita shi."

"Da shi ake so, ranki ya daɗe."

Ya karɓi alawar da hannu biyu, ya raka ta har lif yana rusunawa. A jirgin ƙasa ta yi ta jin haushin alawar.

Ranar Laraba Tomoe ta zo ta tasa ta gaba. Ranar ce za a yanka uwar faifan, wadda daga ita ake buga sauran, kuma dole mawaƙiya ta je ta sa albarka.

"Me zan je yi? In tafa wa Nogami?"

"Ki riƙe mini jaka. Tashi, 'yar baƙin ciki."

Ɗakin yankan ƙarami ne, inji ya cinye rabinsa. Mai yankan, wani dattijo Hokari, bai ɗaga kai ba da suka shigo. Kuramochi yana gefe da takardunsa. Aka saki tsohon tef ɗin, allura ta fara sassaƙa layi a baƙin faranti mai sheƙi, muryar Tomoe ta 'yar shekara ashirin da biyar ta cika ɗakin. Tomoe ta rufe fuska tana cewa, "Kai, yarinyar nan da iyayi take."

Da aka zo waƙa ta uku, yatsun Fumie suka fara motsi a kan jakar ba da izininta ba. Ana gab da ƙarshen busar ta ja numfashi da ƙarfi, daidai inda mai busar ta ja nata a cikin tef ɗin.

Sai da allura ta kai ƙarshe Hokari ya ɗaga ta. Sannan ya juyo ya dube ta ta saman gilashi.

"Numfashin nan ba a wurinsa yake ba. Kwana uku ina jin sa ina mamaki."

"Mura nake yi ranar," in ji Fumie. "Kuma sauran minti ashirin in koma banki."

Tomoe ta zayyana masa labarin duka, har da ƙarin gishiri. Hokari ya saurara, ya ɗauko wani tsinken ƙarfe. Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiyar faifai akwai ɗan fili sumul da ba sauti a kansa, inda mai yanka yake rubuta lambar aiki da hannunsa. Ya rubuta lambar, ya sa 'yar alamarsa, sannan ya miƙa wa Fumie tsinken.

"Kwali nasu ne. Nan wurin nawa ne, tun zamanin maigidana ba kamfanin da ya taɓa gaya mana abin da za mu rubuta. Ko ba haka ba, Kuramochi-san?"

Kuramochi ya juya ya kama karanta kalandar bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta.

"In hannunki ya zame ya taɓa waƙa," in ji Hokari, "aikin yau ya tashi a banza."

"Kada ki ba mu kunya," in ji Tomoe.

"Ki yi mini shiru, mai furanni."

Fumie ta goge tafin hannunta a siket, ta sunkuya, ta riƙe numfashi. Tsinken ya shiga farantin da laushi. Ta rubuta a hankali, ƙanana: Saksofon, Terauchi Fumie. Harafin ƙarshe ya ɗan karkace.

Hokari ya karkata farantin wajen fitila, rubutun ya haska. Tomoe ta leƙa.

"Karkatacce! Haka zai fito a kwafi dubu biyar, har ƙasashen waje."

Fumie ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya sake sauka a kan sunanta. Daɗi ne ya cika ta har ya zama hawaye, ta yi sauri ta ja da baya don kada ya ɗiga a kan waƙar.