Wanda Ya Goya Alhaji Garba

Ni Husaini, tun tasowata abin da ya fita daban shi ke ɗauke mini hankali. Na taɓa ajiye ƙadangare mai wutsiya biyu a cikin gwangwani, na kuma taɓa wuni a tashar jiragen ruwa ina kallon wata akuya da ba ta cin komai sai kwali. Karatuna bai yi nisa ba, kallo na fi iyawa. Amma a duk zamana na Jidda ban ga abin da ya kai mutum biyu ban mamaki ba, kuma a unguwarmu Hindawiyya suke, langa-langa ɗaya ce ta raba ɗakunansu.

Na farko Garba mai ruwa. Daga ƙasar Daura ya taso da ƙafa da niyyar hajji. Ya ratsa Barno, ya yi ƙodagon auduga a Sudan, ya haye teku a jirgin katako. Da ya sauka Jidda, Makka saura ɗan taƙi, sai ya lura lokacin hajji ne ruwa ya fi daraja. Ya sayi jaki da ganga, ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ya ce ta gaba. Haka furfura ta same shi, ko umra bai leƙa ba. Duk da haka babu wanda ya kai shi sanin waɗanda za su shiga wuta a unguwarmu, kuma ba ya ɓoye musu.

Na biyu Filibus. Bahaushe ne daga ƙasar Zazzau, Hausarsa ta fi tamu da ta gauraya da Larabci, amma Kirista ne. Aikin inji yake yi a wani jirgin kaya, ya karye a ƙafa a nan tashar, jirgi ya tafi ya bar shi. Wani ɗan kasuwa mai suna Hamad ya tsaya masa kafili, wato mai lamuni a wajen hukuma, ya sama masa iƙama, takardar izinin zama, shi kuma yana gyara masa motoci. Ran Lahadi mukan ji shi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ni abin ya burge ni fiye da ƙadangarena. Garba kuwa cewa ya yi da ma Bature ne da ya haƙura, amma mutum ya iya cin tuwo da hannu ya ƙi salla, wannan raini ne.

Filibus yana da wata baiwa. Yakan sayi kalwa wajen alhazai ya dafa, ya rufe a tukunya har ta ruɓa ta zama daddawa, ya rarraba wa matan unguwa kyauta. Khadijatu 'yar Garba ma tana karɓa, uban yana shan miyar yana lashe yatsu ba tare da ya tambayi asalinta ba. Da ya ji asalin, sai ya tafi wajen hukuma ya ce akwai Banasare da ke dafa giya a Hindawiyya, duk mai shakka ya zo ya shinshina.

Askarawa suka zo, suka buɗe tukunya, suka ja da baya suna toshe hanci. A wajensu abu mai irin wannan wari ba ya bukatar shaida. Aka tafi da Filibus, aka yi masa bulala, aka tsare shi. Da ya fito, Hamad ya ce halas, wato shi ke nan, shi ba ya son fitina, ya janye hannunsa. Iƙama ta mutu. Daga nan Filibus ya zama mutumin da ba ya fita babban titi. A lungu yake gyaran mota, in ya hango hular askari ya shige ƙarƙashinta. Kowa ya sani ranar da aka tambaye shi takarda, ranar zai bar Jidda.

Muka zuba ido mu ga ramuwa. Ni har kujera na matso da ita. Sai ga shi jakin Garba ya yi gurgunta, Filibus ya cire masa ƙusa daga kofato. Ganga ta fara yoyo, aka wayi gari an like ta.

"Kun gani ko?" in ji Garba. "Sammu yake haɗawa. Ta jakin zai fara."

Na tambayi Filibus ko gaskiya ne. Ya yi dariya yana goge hannu da tsumma.

"Malam Husaini, abu biyu aka ɗora mana: mu ƙaunaci Allah, mu ƙaunaci maƙwabci. Na bincika sosai ko an yarda mutum ya zaɓi maƙwabcin. Ban samu wurin ba."

"To bayanka fa?"

"Bayana yana ciwo. In na rama, sai a samu baya biyu masu ciwo."

Ana nan sai Garba ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace amma bai mutu ba, zagi yana fita daidai. Hajji ya matso, likita ya ce wa Khadijatu kada ta sa rai da wata shekara. A lokacin ne Garba ya tuna abin da ya fito da shi daga Daura. Ya dinga kuka yana cewa a kai shi Makka.

Khadijatu ta zagaye masu motocin unguwa. Duk an yi hayarsu, kuma duk Garba ya taɓa shaida musu wuta. Abdulghaffar direba ya ce mata, "Ya ukhti, 'yar'uwata, mutumin da ba ya iya riƙe fitsari, wa zai zauna kusa da shi da harami? Ya jira baɗi, ai ya saba."

Da hantsi ranar da mutane ke ɗunguma, sai muka ji ƙara kamar ana sussukar gwangwani. Filibus ne da wata tsohuwar wanet, irin ƙaramar motar kayan nan, wadda mai ita ya yasar shi kuma ya tayar.

"Yalla, Malam Garba. Makka."

"Ba zan hau motar arne ba."

"Motar ta Musulmi ce, tuƙin ne kawai nawa."

"Baba, ka hau," in ji Khadijatu, "ko ka mutu mai ruwa."

Ni na yi masa wanka na ɗaura masa harami, na ɗaura nawa. Na ja Filibus gefe na tuna masa akwai shinge a hanya, inda ake duba takardu, inda wanda ba Musulmi ba yake juyawa. Ya ce ya sani, zai sauke mu kafin wurin.

Garba bai yi shiru ba tun daga Hindawiyya. Tuƙin bai yi masa ba, ramuka da gangan ake faɗa musu, kuma warin daddawa yana tashi daga kujera. Tsakanin ƙorafi yana labbaika. Ni kuwa ina kallon duwatsu baƙaƙe, wani ya yi kama da raƙumi a durƙushe, har na so a tsaya.

Da muka hango shingen daga nesa, Filibus ya gangara gefe. Muka sauke Garba a inuwar mota muka shiga ɗaga hannu. Motocin alhazai suna wucewa cike maƙil, har a saman kaya akwai mutane, kowa yana amsa kiran Ubangiji da ƙarfi, shi ya sa ba wanda ya ji namu. Rana ta take. Leɓen Garba ya bushe, mutumin da ya shayar da rabin Jidda. Numfashinsa ya fara sarƙewa.

Filibus ya dubi hanya ya ce, "A nan ba mai tsayawa. A can kuwa dole kowa ya tsaya."

"A can za su tambaye ka," na ce.

"Za su tambaya."

Ya koma ya murɗa mota, ta yi tari ta ƙi tashi. Ya sake, ta ƙi. Ni ƙugu ya daɗe da cin amanata, Khadijatu kuwa ba ta iya ɗaga uban. Sai Filibus ya tuɓe rigarsa mai baƙin mai don kada ta ɓata haramin, ya durƙusa. Muka ɗora masa Garba a baya. Tabon bulalar yana nan layi-layi, kuma daidai kansa ƙirjin Garba ya kwanta. Daga nan har shingen ban ƙara jin bakinsa ba.

Filibus yana ɗingishi da ƙafar nan da ta taɓa karyewa, ya wuce layin motoci ya tsaya gaban wani askari, ya ce da Larabcinsa na gareji, ga baƙon Allah, a taimaka a sama masa wuri. Askarin ya ga tsoho da harami, ya daka wa wani direba tsawa, nan take wuri ya samu, har na mutum uku, muka shiga da Garba. Ya juyo ya dafa kafaɗar Filibus.

"Allah ya saka maka, ya hajji. Kai ina haraminka?"

Na yi ta ƙifta masa ido. Da ya ce ya manta, da ya wuce ko ya juya lafiya.

"Ni Kirista ne," in ji Filibus. "Iyakata nan."

Askarin ya janye hannunsa a hankali. "Iƙama?"

Filibus ya buɗe tafukansa. Daga tagar mota Garba ya yunƙura zai yi magana. Na ɗauka godiya zai yi. Abin da ya fito shi ne, "Daddawa ce! Wallahi daddawa ce!" Askarin bai san daddawa ba, bai kuma san wace shari'a ake ɗaukaka ƙara a kanta ba. Ya buga wa motar hannu, muka wuce. Na waiwaya na ga Filibus ba riga, yana nuna wa askarin inda ya bar wanet, don a mayar wa mai ita.

Kafin mu dawo daga Makka an sa shi a jirgi. Wasu sun ce Fatakwal, wasu Legas. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Garba bai mutu ba. Likita ma ya riga shi. Ya zauna a ƙofar ɗaki shekara da shekaru, ana wucewa ana cewa barka da hutawa Alhaji, shi kuma yana ɓata fuska. Wata rana na tambaye shi dalili.

"Ai na gaya muku ramawa zai yi, kuka ce sharri nake masa," ya ce. "Duk wanda ya ce mini Alhaji, ƙeyar mutumin nan nake gani. A ɗawafi ma ita na gani. Wannan ba mugunta ba ce?"

Na ce lalle abin da nauyi.

Ya dubi langa-langar. Wani Bayamale ne a ɗakin Filibus yanzu, mutumin kirki mai salla a kan lokaci, kuma bai taɓa sanin an yi jaki a gidan ba balle ya duba kofatonsa. Can Garba ya ɗaga murya.

"Khadijatu! Miyar nan salam take. Tukunyar daddawar mutumin nan tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"To ki nemo kalwa."