Motar Marayu

Ranar da Abdulhafiz ya shigo da motar nan gida ban ji shigowarta ba. Ina tsugune a farfajiya ina wanke shinkafa, sai na ga inuwa ta rufe ni. Na waiga, ga wata ƙatuwar jif ruwan toka tsaye a bayana, ko tari ba ta yi ba. Na saki kwano na rafka salati. Shi kuwa maigidan nawa yana ciki yana ƙyaƙyata dariya kamar ƙaramin yaro.

"Bilkisu, kin ji ƙaranta? Ba ki ji ba ko? To haka take. Rabi fetur, rabi batir. Duk Zariya babu irinta."

Na ce, "Abban Mardiyya, filin fa?"

Ya ce fili ba gudu zai yi ba.

Shekarar 2008 ce. Abdulhafiz yana aikin kafa ƙarafan sabis na kamfanonin waya, aikin kwangila, kuma a karon farko tun aurenmu kuɗi suka zauna a hannunsa. Muna haya a Hayin Dogo, nan Samaru, da 'ya'yanmu biyu, Mardiyya da ƙaninta Jabiru. Na yi ta roƙonsa ya sayi fili ko da na ɗaki biyu ne. Ashe duk wannan lokacin idonsa na unguwar PZ, wajen wani mai sayar da motocin Kwatano, Ikechukwu, wanda kowa a Sabon Gari ke kira Ike. Haifaffen Zariya ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Daga baya na ji cewa shi kansa Ike ya so ya karkata shi ga jif mai fetur zalla, ya ce masa wannan ta sha shekarunta a Amurka, kuma babu makanikin da ya san cikinta daga nan har Kano. Amma Abdulhafiz idan ya ƙyalla ido a kan abu, to ka ajiye bakinka ka huta.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinta. Kujerun fata, sanyi kamar cikin randa. Lokacin wahalar mai, mutane na kwana a layi, mu muna wucewa abinmu. Idan cunkoso ya tsayar da mu a mararrabar Kwangila injin sai ya kashe kansa, 'yan acaɓa su leƙo su ce, "Oga, ta mutu ne? A tura?" Shi kuma ya taka ta, ta sulale ta bar su baki buɗe. Wannan kaɗai ya ishe shi farin cikin wuni guda.

Bai yi rabin shekara da ita ba. Aiki ya kira shi Kaduna, ya ce ramukan hanya za su lalata masa mota, ya bar ta a gida ya je tasha ya hau ta haya. Kusa da Jaji tayar gaba ta fashe. Da la'asar aka kawo mana shi a naɗe.

Har yau idan na tuna ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da aka share makoki aka duba, babu abin da ya bari sai motar. Ɗan abin da ke banki hidimar jana'iza da abincin 'yan gaisuwa sun cinye. Kamfani ya aiko da buhun shinkafa da ta'aziyya, ɗan kwangila ba shi da wani haƙƙi bayan wannan. Ni kuma ga ƙaramin ciki, wanda shi kansa bai kai ga sani ba.

Yayan mijina, Malam Ahmadu, shi ne babba a gidansu. Malamin Islamiyya ne a cikin birni, mutum mai tsoron Allah wanda ko allurar wani ba zai riƙe ba. Ina so a fahimci wannan, don kada a ɗauka labarin mugun dangin miji nake bayarwa. Da mugu ne da na samu wanda zan tsine wa in ji sanyi.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ba za a raba gado ba sai na haihu, domin abin da ke cikina ma magaji ne, kuma rabon namiji daban, na mace daban. Takabata ma sai ranar haihuwa za ta ƙare. Kafin nan motar amana ce a wuyansa. Washegari ya zo da mutane biyu. Suka zuƙe man da ke tanki, suka cire ƙaramin batirin gaba, suka ɗaga ta suka ɗora a kan duwatsu don kada tayoyi su lotsa, suka lulluɓe ta da tamfol suka ɗaure da igiya. Makullin ya jefa a aljihun gaban rigarsa.

"Haka muka yi wa Fijon Baba lokacin da ya rasu," in ji shi. "Shekara guda tana kan dutse. Ranan da aka sauke ta, turi ɗaya ta tashi."

Ni a lokacin har godiya na yi masa. Na riga na gama lissafina. Akwai wani ɗan gida ciki da falo da ɗaki ɗaya a bayan makarantar su Mardiyya da ake son sayarwa. Idan aka sayar da motar, aka fitar wa Inna, mahaifiyar su Abdulhafiz, da nata kason, abin da ya rage nawa da na yara zai saye shi. Idan ba haka ba kuwa na san yadda ake yi. Uwa ta koma gidan ubanta, yara dangin uba su rarraba. Mahaifina yana Giwa, tsoho ne, ɗaki ɗaya zai iya ba ni, kuma ba zai iya ciyar da baki huɗu ba.

Ike ya zo gaisuwa bayan sadakar arba'in, shi da matarsa Chinelo. Da yake ina takaba, ita ta shigo ɗaki, shi ya tsaya daga bakin ƙofa. Yana cikin yi mini ta'aziyya sai na ji ya katse maganar ya jefo mini tambaya.

"Hajiya, mene ne wancan a ƙarƙashin tamfol?"

Na gaya masa.

"Tun yaushe?"

Na gaya masa wannan ma. Sai na ji ya ce wani abu da yarensu, Chinelo ta dafe ƙirji. Sannan ya ci gaba.

"Hajiya, ki saurare ni don Allah. Motan nan ba Fijo ba ce. Akwai wani babban batir a ƙarƙashin kujeran baya, shi ne ranta. Idan ba a tayar da ita, a hankali yake zubar da wuta, kuma idan ya kai ƙasa ba ya dawowa. Dama ba sabo ba ne. A tayar da ita ko sau ɗaya a mako, a ɗan zagaya da ita. Ko kuma a sayar yanzu, ina da wani ɗan kwangila a Kaduna da yake nemanta ido rufe. A ajiye kuɗin har ki sauka lafiya."

Na aika aka kira Yaya. Ya saurari Ike har ƙarshe, bai katse shi ba, ya yi masa godiya, ya raka shi bakin titi. Sannan ya dawo.

Na ce, "Yaya, ka ji abin da ya ce."

"Na ji. Bilkisu, ɗan kasuwa ne. Ban ce maƙaryaci ba ne, amma mai saye yake da shi a hannu, dole ya ce a yi sauri. Ke a ina kika taɓa jin ƙarfe ya lalace don an bar shi ya huta?"

"To a riƙa tayar da ita kawai, Yaya. Ba sai an fita da ita ba."

"Wa zai tayar? In aka tayar wani abu ya ƙone, wa zai biya marayu? Yau a ce tayarwa, gobe a ce bari a kai Inna asibiti, jibi a ce ɗaurin aure. Haka ake cinye dukiyan marayu, da kaɗan-kaɗan. Ni ba zan tsaya gaban Allah da wannan ba."

Na yi kuka, na yi magiya. Na aika wa Inna, ta ce in bi maganar Yaya, shi ne mai karatu. Na ce a kira wani makanike a tambaya. Aka kira wanda ke gyara wa liman mota, ya ɗaga tamfol ya leƙa, ya ce ai ajiyar da aka yi mata babu wadda ta fi ta, shi ma haka zai yi. Maganar ta mutu a nan. Ike ya sake zuwa sau biyu, na biyun Yaya ya ce masa cikin ladabi ya daina zarya gidan mai takaba.

Haka damina ta shigo ta same ta. Tagar ɗakina tana kallonta. Ruwa ya taru a kan tamfol, rana ta fito ta busar, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Cikina yana girma, ni kuma kullum ina kallon tulin nan ina tunanin abin da ke tsiyayewa a cikinsa wanda ba mai gani. Duk Juma'a Yaya zai zo da ɗan cefane, ya zagaya ta, ya ƙara ɗaure igiya, ya tafi da zuciya wasai. Mai gidan hayarmu ya ce zai yi haƙuri har in haihu. Mai ɗan gidan da nake so ma ya ce zai jira.

Na haifi mace, aka sa mata Rumasa'u. Bayan suna da 'yan kwanaki aka sa ranar sauke mota.

Maza suka cika farfajiya. Aka kwance igiya aka yaye tamfol, ga ta nan tana sheƙi kamar ranar da aka kawo ta. Yaya ya shafa ta yana murmushi, ya kalli mutane, ya ce a shaida ko ƙwarzane babu. Aka sauke ta, aka zuba mai, aka sa sabon ƙaramin batir. Wani ƙanensu ya shiga ya murɗa. Fitilu suka kama a gaban direba, ja da ruwan ɗorawa, birjik. Shiru.

Wani ya ce, "Ai dama ba ta ƙara. Ta tashi, taka ta."

Ya taka. Ko motsi.

Yaya ya ce a tura. Suka fitar da ita layi, majiya ƙarfi wajen goma, suka tura ta har bakin masallaci suka dawo, suka sake. Ina tsaye a ƙofa da jaririya a kafaɗa ina kallon manyan mutane suna haki a bayan motar da ba a tayar da irinta da turi. Da abin bai shafe ni ba da na yi dariya.

A ƙarshe dai Yaya da kansa ya aika a kira Ike. Ya zo da wani mai gyaran wutar mota daga Chikaji, Akinola. Suka ɗaga kujerar baya, Akinola ya jona na'urarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe wayoyinsa. Ike ne ya yi magana, kuma bai ce ai na gaya muku ba, Allah Ya saka masa.

"Malam, ya tafi."

"A sayo wani," in ji Yaya.

"Babu shi a Zariya, babu a Kano. Na tambaya a Legas tun watannin baya, babu. Sai dai a yi odansa daga Amurka, kuma abin da zai ci kafin ya iso ya kai a sayi wata mota. In ya iso ma ban san wanda zai ɗaura shi ba."

"Mutuminka na Kaduna fa?"

"Ya daɗe da sayen wata."

Watanni biyu Ike yana neman wanda zai ɗauke ta a haka. Duk wanda ya zo ya ji labarin batir sai ya ce zai dawo. Ƙarshenta masu sayar da kayan gyaran mota suka saya don fitilu da ƙofofi da kujeru. A gabana aka ɗaura mata sarƙa wata tsohuwar akori-kura ta ja ta. Abin da aka samu aka raba shi bisa ƙa'ida, ba a zalunci kowa da ƙwandala ba. Kasonmu mu huɗu a haɗe bai kai hayar shekara biyu ba, kuma kason yaran, Yaya ya ce amana ne, sai sun girma. Ɗan gidan bayan makaranta wani malamin jami'a ya saya.

Aka yi zaman dangi, aka yanke abin da na sani tun farko. Jabiru zai zauna wajen Yaya a birni. Mardiyya za ta bi gwaggonta Funtuwa. Ni da Rumasa'u Giwa.

Ranar tafiya na haɗa wa kowa kayansa a jakar leda. Mardiyya ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi kallona, har motar Funtuwa ta tashi fuskarta na ɗaya gefen. Yaya ya zo ɗaukar Jabiru a kan babur ɗinsa. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya tsaya a inda duwatsun nan huɗu suke har yanzu, ya daɗe, sannan ya juyo idonsa jawur.

"Bilkisu, wallahi ban taɓa ta ba. Ko sau ɗaya ban taɓa ta ba."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya ɗora Jabiru a gaba, ya ce ya riƙe da kyau. Yaron ya ɗauka yawo za a kai shi, yana ta murna yana danna ham. Sai da babur ya fara tafiya ya waigo.

"Umma, ki ajiye mini tuwona, yanzu zan dawo!"

Na ɗaga masa hannu na ce to.