Ƙyauren Awaki a Tozai

Hafizullahi ya rungume kwalin a ƙirjinsa da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya damƙe ƙarfen bayan babur, yana roƙon Abbas ya sassauta gudu. Abbas ko waiwaye bai yi ba. Cewa ya yi hanyar Isa ba ta son mai nawa, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar, haka kowa yake yi yanzu.

Ɗan jirgin sama na yaƙi ne a cikin kwalin, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Hafizullahi mai gyaran agogo ne a kasuwar Sabon Birni, kuma tun da waya ta shiga aljihun kowa sai zaman rumfa ya yi masa yawa. Shekara tara ke nan yana ƙera ƙananan jirage da gwangwanin madara da katako da kusoshin matattun agogo. Maƙwabtansa sun yi dariya har sun gaji, yanzu su suke tara masa gwangwanin.

Wannan na cikin kwali samfurin da ake kira Hariken ne, na Yaƙin Duniya na Biyu, irin waɗanda ya karanta cewa a bakin teku ake haɗa su, a tuƙo su ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Ya auna fukafukansa daga zane uku, ya ƙirga bututun hayaƙi, farfelar ma sau huɗu yana sassaƙa ta. Ranar Asabar za a yi bajen kolin ƙere-ƙere a wata kwalejin fasaha a Sakkwato, kuma wannan ne karo na farko da aka gayyace shi. Abu ɗaya ya hana shi sakat. Wani littafi ya ce ana shafa wa jiragen wannan hanya farin fenti daga bayan matuƙi zuwa wutsiya, don in sun sauka a daji a hango su daga sama. Da ya faɗi haka a zauren waya na masu wannan sha'awa, sai wani tsohon injiniya na Kaduna, wanda yake cikin alƙalan ranar Asabar, ya ce hasken rana ne kawai a tsohon hoto. Har ya ƙara da fuska mai dariya guda uku. Kwana biyu tuwo bai yi wa Hafizullahi daɗi ba.

Abbas abokinsa ne tun na ƙuruciya, mai fataucin albasa, wanda babu ƙauyen da bai san mai shayinsa ba. Shi ya ce masa akwai wani Muntaka a Tozai, ƙyauren garken awakinsa ba na kwano ba ne. Kakansa ne ya jawo shi daga fadama shekarar da wani jirgin Turawa ya ɓata hanya ya sauka dole. Abbas ya rantse ya ga alamar fari a jikinsa. Jiya ya aika saƙo cewa suna tafe.

Sun tarar da Muntaka a ƙofar gida cikin babbar riga, an shimfiɗa sabuwar tabarma, maƙwabta biyu sun zo ganin baƙon da ya taso tun daga Sabon Birni domin ƙyaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa da lafiyar hanya, aka kawo fura mai sanyi. Hafizullahi ya sha ludayi uku don kunya, idonsa na kan zaure. Sai da aka gama zancen tsadar taki kaf, sannan Muntaka ya miƙe ya yi sallama cikin gida, ya ce su biyo shi.

Tun daga nesa Hafizullahi ya ga wani abu yana ɗaukar ido a ƙarshen danga. Ƙyauren ne, ya kai masa ƙugu, yana ƙyalli kamar sabon faranti a ɗakin amarya.

"Tun asuba Hadiyya take kansa," in ji Muntaka, yana murmushi. "Toka da yashi da soson ƙarfe. Muka ce ba a nuna ma baƙo abu da dauɗa."

Daga bayan madafa matarsa Hadiyya ta gaishe su, ta ce har yanzu kafaɗarta ciwo take yi. Sauran dattin bai ba ta wuya ba, in ji ta, wannan farin ne mai taurin kai.

"Farin, Inna?" Muryar Hafizullahi ta fito siririya.

"Awo, Malam. Amma na ga bayansa. Duba ka gani, ko ɗigo babu."

Hafizullahi ya ce Allah ya saka da alheri, ya yi albarka. Abbas ya juya baya, wai tari ne ya sarƙe shi, kafaɗunsa suna ta rawa.

Ba shi da abin yi sai ya tsuguna. Ƙarfen dai na jirgi ne, babu tantama: mara nauyi, ya ɗan lanƙwasa, ga ramukan ƙusoshi a jere daidai wa daida. Amma wa zai je gaban injiniyan Kaduna ya ce wata baiwar Allah ta gaya masa da akwai fari? Ya tambayi inda aka zubar da ruwan wankin, aka nuna masa wani taɓo da awaki suka riga suka tattake. Yana shirin miƙewa ke nan sai idonsa ya tsaya a kan wani tsohon katako da aka ɗaure da waya a gefen ƙyauren, wanda shi ne yake riƙe shi a jikin dirka. Muntaka ya ce mahaifinsa ne ya sa shi tun shi yana goye, ba a taɓa cirewa ba.

Hafizullahi ya daɗe yana juya maganar a baki. Ka sha furar mutum, sannan ka ce ya ɓalle ƙofarsa? Daga ƙarshe ya faɗa cewa ƙarƙashin katakon yake son gani, yana kallon ƙasa. Muntaka ya dubi ƙyauren, ya dubi baƙon, ya ce ai tun da an taso daga nesa, sai a gani. Ya kwaɓe babbar riga ya ɗauko filaya.

Waya ta ƙarshe tana tsinkewa ƙyauren ya kife, awaki goma sha ɗaya suka yi waje kamar dama jira suke. Suka bi ta zaure, suka faɗa kan gyaɗar da maƙwabci ya shanya. Muntaka ya bi su, Abbas ya bi, maƙwabtan nan biyu suka rufa musu baya, Hadiyya tana kiran wata akuya da sunanta. Hafizullahi kaɗai aka bari, durƙushe a cikin kashin awaki.

Inda katakon ya rufe, faɗin yatsa uku, fenti yana nan. A ƙasa mai launin ƙasa, a samansa fari. Ya ciro gilashinsa na duba cikin agogo ya maƙala a ido. Sai ya ga abin da babu littafin da ya faɗa masa. Farin ba sumul yake ba. Ga sawun burushi nan a karkace, wani wuri ya yi kauri, wani wuri launin ƙasan yana leƙowa, ga inda ya zuba ya daskare, har da gashin burushi ɗaya da ya maƙale. Wanda ya shafa shi sauri yake yi, ko rana ta dame shi, ko jirage da yawa ne a gabansa. Hafizullahi ya ajiye ma'auni a gefe ya ɗauki hoto har goma sha biyu.

Da aka maido da awaki aka ba mai gyaɗa haƙuri, sai ya buɗe kwalin. Kowa ya matso. Muntaka, yana haki, ya tambayi ina ƙyaurensa yake a jikin wannan ɗan abu. Hafizullahi ya nuna masa da tsinke, can bayan kujerar matuƙi.

"Ashe dai awakina manya ne," in ji Muntaka. "Shekara da shekaru suna kwana bayan ƙofar da ta fi ni yawo."

Hafizullahi da kansa ya mayar da katakon ya ɗaure, ya roƙi Hadiyya ta bar wannan gefen ya huta da soso. Ta ce in dai dauɗa yake so, ai ta samu sauƙi.

A Isa suka tsaya shan mai, ya tura hoto ɗaya zauren wayar nan. Kafin Abbas ya tayar da babur amsar injiniyan ta shigo: "Ina ka samo wannan?" Babu fuska mai dariya. Hafizullahi ya mayar da wayar aljihu. Asabar ba ta da nisa.

Bayan la'asar ya zauna a tsakar gidansa da farin fenti da guntun gwangwani na gwaji. Ya shafa, ya fito sumul. Ya sake, ya ƙara fitowa sumul. Ya gwada da hagu, abin ya zama kamar an yi da gayya. Hannun da ya shekara talatin yana saka allurar agogo ya ƙi yarda ya yi aikin ganin dama.

Matarsa Halimat ta zo wucewa da ludayin miya a hannu. Ya kira ta, ya miƙa mata burushin, ya tura mata jirgin da bai taɓa bari ko ƙura ta share masa ba.

"Mi za ni yi da shi? Miyata na kan wuta."

"Shi ya sa. Daga nan zuwa wutsiya."

Ta dube shi don ta tabbatar lafiyarsa ƙalau. Sannan ta tsoma burushin, ta ja sau uku, ta dire shi a kan murfin gwangwani. Wani ɗigo ya gangaro gefe, ta kai bakin zanenta za ta goge.

Ya riƙe mata hannu. "Bar shi nan," ya ce. "Je ki duba miyarki."