Ƙofar Ruwa ta Uku

Matata Aukje ce ta tsara lissafin tun muna saurayi da budurwa, don ni kaina ba ya ja. Ƙauyenmu da nasu kilomita goma sha biyu ne ta kan ganuwar teku. Ni a keke ina cin sha takwas a awa, ita a ƙafa shida.

"Lokacin da ba mu sani ba mu kira shi x," in ji ta, tana zanawa da tsinke a laka. "Tafiyarka da tawa in an haɗa, su ne hanyar duka. Rabin awa ke nan, sarkin daƙiƙai. Mu haɗu a ƙofar ruwa ta uku a jikin ganuwa, kilomita uku daga ƙauyenmu."

Kowace Lahadi, da an kaɗa ƙararrawar coci, sai kowa ya fito daga ɓangarensa. Na kan hango jan ɗankwalinta tun daga nesa, tumaki na watsewa a gabana. Wallahi ban ƙara jin daɗi irin na lokacin ba.

Yanzu tana gidan kula da tsofaffi a ƙauyensu. Mantuwa ta cinye ta, har ni ma "malam" take ce mini.

Ranar Lahadin nan ba a daɗe da kaɗa ƙararrawa ba waya ta yi ƙara. 'Yarmu Marrit ce.

"Baba, Mama ta fice da jin ƙararrawa, ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba! Ana nemanta a gari."

"A gari? Ku yi ta nema!"

Na janyo keke. Gaba da ƙofar ruwan nan hanya ta gangara cikin laka, ga teku na cikowa. In ba ta gan ni ba, wucewa za ta yi. Ina tuƙi ina lissafi, gwiwoyi na ƙara. Yau da ƙyar nake cin tara, ita kuwa uku. Awa guda ke nan. Uku sau ɗaya... sai na ji hawaye. Duk mun ragu da rabi, amma wurin haɗuwa bai gusa ba.

Na same ta ta dafa ƙarfen ƙofar, tana rawar sanyi. Na yafa mata kwat ɗina.

Ta harare ni sama da ƙasa.

"Sjoerd," ta ce, "rabin awa muka yi da kai. Ina ka tsaya?"