Gahawar da Wijdan Ta Ajiye

A gidan Abu Muhannad da ke Karak, duk abin da 'yarsa Wijdan ta nema amsarsa ɗaya ce: "Bari a yi Sallah." Da ta gama karatun injiniya ta ce za ta nemi aiki, aka ce bari a yi ƙaramar Sallah. Aka yi, aka ce ai babba na tafe. Ita ma ta wuce, sai ga tsinkar zaitun, sai bikin ɗan baffa, kafin a ankara azumi ya sake zagayowa. Wanta Muhannad kuwa yana Dubai, an manta rabon da ya yi Sallah a gida, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. In ya bugo waya ranar Idi ya ce aiki ya riƙe shi, har wani kumbura uban yake yi yana gaya wa baƙi, "Yaron nan, in ba ya nan ba sa iya komai." Ita da ke tsaye a bayansa da tire a hannu, ba a taɓa faɗin haka a kanta ba.

Tun rasuwar mahaifiyarta gidan ya hau kanta. Ita ke soya gahawa ta daka, ita ta san lokacin maganin hawan jinin uban, ita ke tuƙa mansaf ɗin Sallah, shinkafa da naman rago da miyar busasshen kindirmo, a ɗauka a kai wa maza da zafinsa. Sai sun ci sun wanke hannu an dawo da tire take zama ta tsinci abin da ya rage, miyar ta riga ta daskare. Ba ta ƙi mahaifinta ba, son sa take yi har cikin ranta, kuma wannan son ne ya fi komai ba ta haushi.

Bana dai ta samu abin da take nema. Wani kamfani da ke shimfiɗa farantan sola a hamadar Ma'an ya ɗauke ta. Sun taɓa ɗaga mata ƙafa da ƙaramar Sallah, amma wannan karon shugabar sashen ta gaya mata a waya ba kwana-kwana: motar ma'aikata za ta bi ta Karak washegarin babbar Sallah da safe, in ba ta shiga ba, gurbin na wani ne.

Ranar jajibere ta sami uban a tsakar gida yana shafa bayan ragon layya.

"Baba, jibi motar nan za ta tashi."

"Bari a yi Sallah."

"Sallar ai gobe ce."

"To, a bari a yi ta mana."

"Washegari fa?"

"Washegari kawunnanki za su zo daga Mazar. Wa zai tarbe su, ragon?"

Ya ci gaba da duba haƙoran dabbar kamar ba a yi magana ba. Wijdan ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Da ta so, sai ta ɗauki jaka ta fice, ai ita ba yarinya ba ce. To amma a Karak, 'yar da ta bar gida ba da yawun uba ba, uban ne ke daina zuwa majalisa, shi ake wa kallon tausayi a masallaci. Ba ta son ta yi masa haka. Amincewarsa take so, a fili, a gaban mutanen da ba zai iya janye magana a gabansu ba.

Da safen Sallah ta yi komai yadda ta saba. Maza suka dawo daga Idi da ziyarar maƙabarta, aka yanka rago, ta ɗora nama, ta jiƙa shinkafa, ta haɗa gahawa ta miƙa wa uban butar ta ƙofar ciki. Ɗakin baƙi ya cika: Baffa Za'al, yayan mahaifinta, wanda ba a tari a dangin sai da izininsa, da 'ya'yansa, da maƙwabta. Tun da Muhannad ya tafi, Abu Muhannad da kansa ke zuba wa baƙi.

Ƙanwar mahaifinta, Goggo Fidda, na zaune a kicin tana yanka albasa. Ta ga Wijdan ta cire rigar girki ta saka baƙar doguwar rigar mahaifiyarta mai jan aiki a ƙirji.

"Ke, ina za ki, tukunya na wuta?"

"Yawon Sallah, Goggo."

"Gidan wa?"

"Gidan Abu Muhannad. An ce mutumin kirki ne, ba ya mayar da baƙo."

Ta fita ta ƙofar baya, ta zagaya ta lungu, ta hau matakalar gaba, ta tsaya a babbar ƙofa ta yi sallama da ƙarfi. Hira ta yanke. Aka amsa mata a rarrabe, kowa na leƙen hannunta ko ta kawo wani abu. Ba ta kawo komai ba. Ta cire takalmi, ta wuce ta zauna a kan shimfiɗa daura da Baffa Za'al.

A Karak duk wanda ya shigo ta wannan ƙofar ya zauna, an zuba masa gahawa ke nan, ko da jiya ya zage ka. Abu Muhannad na tsakiyar zagaye, buta a hagu, finjalai, ƙananan kofunan gahawa, a dama, kuma hannu ya riga tunani. Ya zuba ya miƙa mata. Ta karɓa da hannun dama, ta duba cikinsa, ta ajiye shi a ƙasa a gabanta.

Ba yaro ba babba, kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi. Mai babbar buƙata ne ke ajiye finjali bai sha ba, kamar masu neman sulhu ko masu neman aure, kuma ba zai taɓa shi ba sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka, abin da ya kawo ka ka samu." Mai gidan da ya bar gahawar baƙo ta huce a ƙasa, jikokinsa ma sai an yi musu gori.

"Tashi, Wijdan," in ji Baffa Za'al. "Wannan ba wasan mata ba ne."

"Barka da Sallah, Baffa. Ni ba wurinka na zo ba, wurin mai gida na zo."

Ya juya ga ƙanensa. "Kai, Salim! 'Yarka ce take gaya mini haka?"

Wani daga cikin 'ya'yan baffan ya toshe baki da gefen rawani. Abu Muhannad bai dubi yayansa ba. Kunnuwansa sun yi ja, amma murmushi ya yi, irin na wanda ya hango mafita. Mutum ne da ya sha zaman sulhu, ba yau ya fara ganin an ajiye finjali ba.

"Marhaban da baƙuwa," ya ce. "Gida gidanki ne. Sai dai kin san al'ada, ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya kwana uku. Ki huta tukuna, in an gama Sallah sai mu ji."

Ɗakin ya ɗauki dariya, Baffa Za'al har da buga sanda a ƙasa. Kwana uku, motar Ma'an ta daɗe da wucewa. Wijdan ba ta motsa daga inda take ba. Ta bari dariyar ta lafa.

"Na gode, Abu Muhannad, Allah ya ƙara arziki. Zan zauna. To amma baƙo ba ya shiga kicin. Ba ya tuƙa miya, ba ya wanke tire, ba ya tashi da asuba ya soya gahawa. Da zan shigo na ji ƙamshin nama a wuta, ina fata akwai mai dubawa. Na kuma ji an ce gobe kana da baƙi daga Mazar."

Wannan karon ba namijin da ya yi dariya. Daga bayan labulen ƙofar ciki aka ji ta, Goggo Fidda ce, tana yi tana tari.

"Wallahi ta kama ka, Salim! Ni dai albasa aka ce in yanka, na kuwa yanka!"

"Fidda, rufe mana baki," in ji Baffa Za'al.

"In na rufe baki sai ka zo ka tuƙa miyar da sandarka."

Abu Muhannad ya ajiye butar. Ya dubi finjalin da ke ƙasa, tururinsa ya fara ja baya. Murmushin ya tafi, ya koma tsoho kawai, wanda matarsa ta rasu, ɗansa kuma ya zama murya a waya.

"Faɗi buƙatarki," ya ce a hankali.

"Gobe da safe zan tafi Ma'an aiki. Ina so in tafi da izininka, kowa na ji."

"Gidan fa?"

"Gidan yana da ɗa, Baba. Ka taɓa tambayarsa gidan fa?"

Ya dubi ƙasa. Ta ga leɓensa na motsi, ta ji kamar ta tashi ta rungume shi ta ce ta fasa. Ta ƙi. Ta kafa ido a kan finjalin.

"Kin san abin da kika yi?" ya ce. "Kin shigo ta ƙofar baƙi. In kika sha wannan, kin zama irin su Muhannad, masu zuwa su gaishe ni su tafi."

"Na sani. Sai dai ni zan riƙa zuwa."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki finjalin, ya taɓa shi da bayan yatsa, ya juye abin da ke ciki a kwanon wanki. Ba a ba baƙo gahawa mai sanyi a gidansa. Ya zuba sabuwa, ya miƙa mata.

"Sha gahawarki, 'yar Salim. Abin da ya kawo ki kin samu."

Ta shanye a kurɓa ɗaya. Ita ta soya ta da hannunta, amma ba ta taɓa jin ɗacinta haka ba. Ta girgiza finjalin alamar ya isa, ta mayar masa.

"Madalla," in ji Baffa Za'al yana huci. "An gama wasan kwaikwayo. Tashi ki duba mana abinci."

"Baffa, ai ban gama baƙunta ba. Sai gobe da safe."

Ta gyara zama ta jingina da matashi. Goggo Fidda ce ta ƙarasa girkin tana mita, ta sa 'ya'yan Baffa Za'al, ƙarti masu gashin baki, suna ta jigilar tukwane. Shinkafar ta ɗan caɓe, gishirin miyar ya so ya yi yawa, ba wanda ya isa ya ce uffan.

Da azahar aka shigo da babban tire yana tururi, aka kira baƙi su kewaye shi a tsaye. Wijdan ta wanke hannu ta shiga tsakanin baffanta da wani maƙwabci, ta mayar da hannun hagu baya kamar kowa. Mai gida ba ya ci tare da baƙinsa, tsayawa yake a kansu da ludayi yana ƙara miya. Abu Muhannad ya zagayo ya tsaya a kanta, ya zuba mata mai zafi, ya sa hannu ya yago tsokar kafaɗa, wadda ake tura wa baƙon da ya fi kowa daraja, ya ajiye a gabanta.

Ta dunƙula loma ta kai baki, ta ƙona mata harshe. Rabonta da cin mansaf ɗin Sallah da zafinsa tun mahaifiyarta na da rai. Hawaye suka cika mata ido, ba ta share ba, ba ta kuma daina ci ba.

"Ci, baƙuwa," in ji uban, yana sake yago mata wata tsokar. "Ci ki ƙoshi. Ma'an da nisa."